Karen Inna Tamo da Shekarar Guba

Samarin unguwarmu sun ɗauki wata ɗabi'a. Sai saurayi ya zo ƙofar gidana rungume da kwikwiyo, ya ce in gyara masa shi kafin kasuwa mai zuwa. A ganinsu aikin bai wuce a jefa wa kare ƙashi a daka masa tsawa ba. Ni na bar wannan sana'a tun Nasara bai tafi ba, kuma ba zan koma mata ba. Amma tunda sun ƙi barina in huta, zan rubuta yadda ake yin ta daki-daki, da yadda ta ƙare a hannuna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Noma. A Filinge Noma mai karnuka ake ce mini, kuma ba yabo ba ne. Mutumin gari yana son kare ya tsare masa rumbu, amma ba ya son gaisawa da hannun da ya taɓa karen. Na san da wannan tun kafin in fara.

Wurin kawuna Bawa na koya, ƙanen mahaifiyata. Maharbi ne, yana zaune a wani ƙauye a gindin dutse, arewa da gari. Ba ya salla, abin da kakanninmu na Kurfai suka bi shi yake bi. Da na bar lakwal, makarantar Nasara, da ɗan abin da na iya na rubutu, mahaifiyata ta tura ni wurinsa. Aikin farko da ya ba ni shi ne zama. Wata karyarsa ta haihu a bayan rumbu tana yi wa kowa gurnani. Ya kai ni wurin, ya nuna mini ƙasa.

"Zamna nan. Kak ka taɓa ta, kak ka dube ta cikin ido."

"Har yaushe, Kawu?"

"Har ta manta kana nan. In ƙahwa ta sage maka, kai ka sani."

Kullum da hantsi in je in zauna, rana ta ƙone ni, ƙudaje su bi ni. Ranar da karyar ta juya mini baya ta kwanta tana shayar da ƴaƴanta, ranar Kawu ya ce na shiga sana'a. Duk wanda ba zai iya wannan zaman ba, ya nemi wani aiki tun yanzu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da amfaninsa. Akwai doguwar igiyar kaba, wadda ake jiƙawa a murza ta da laushi don kada ta ci wuyan kare. Akwai kasko na ruwa, wanda na karen ne shi kaɗai. Akwai tsumma, don kai ƙanshin wata dabba ko wani mutum wurin kare kafin ya ga mai ƙanshin. Akwai ƴar jakar fata da busasshen nama yankakke ƙanana. Sai sanda. Sandar ta ja layi ce a ƙasa, a nuna wa kare iyakarsa. Ban taɓa ganin Kawu ya ɗaga ta a kan kare ba. Karen da aka doka yakan yi shiru a gabanka, ya je ya rama a kan akuyar maƙwabci.

Aikin kuma da jerinsa. Da farko kare ya san mai shi. Bayan wannan ya san dabbobin gida, awaki da kaji da jaki. Bayan wannan dabbobin maƙwabta. Sannan mata masu wucewa rijiya, da yara masu gudu da ihu. Daga ƙarshe baƙo. Ba a tsallake ɗaya a hau na gaba, kuma in kare ya koma baya, kai ma sai ka koma tare da shi.

Da na dawo gari da zama, masu kawo mini karnuka iri-iri ne. Manomin ƙauye yana son wanda zai kori biri da gafiya, ya bar zabi. Makiyayan yankin Imanan suna son wanda zai bi garke, ba zai ci mahaifar akuya ba har ya saba da jini. Mafi wuya su ne ƴan kasuwar gari. Wani mai sayar da gishiri ya taɓa kawo mini baƙin kare, ya ce yana son ya kwana a bakin shago, amma kada ya lashi hannu, kada ya taka tabarmar salla, kada ya sa baki a buta. Na ajiye buta cike da ruwa a tsakar gidana, na ajiye kasko daga gefe. Duk sanda karen ya nufi buta in ja igiya a hankali in ce "kai", duk sanda ya nufi kasko in jefa masa nama. Rani ya kusa ƙarewa kafin ya gane. Daga baya karen yakan kewaye buta kamar garwashi, mutane su taru suna dariya suna cewa ya fi wasu ƴaƴan mutane sanin tsarki.

Saboda irin waɗannan mutane ne na tsara yadda kare zai karɓi abin baƙo a gari. Musulmi ba zai miƙa hannu bakin kare ba. Don haka nake koya wa kare ya zauna in baƙo ya tsaya a gabansa, ya jira a ajiye masa a ƙasa, baƙon ya ja da baya, sannan ya ci. Karen da ya ci abin mutum ba ya cizonsa. Gari kuma ranar kasuwa cike yake da baƙi. Wannan shi ne ƙarshen horo, kuma da shi aka san karnukana.

Yanzu sai aikin Barsu, wanda dominsa nake wannan rubutu.

Inna Tamo tsohuwa ce, mijinta maharbi ne kamar Kawu. Da ya rasu ta taso daga ƙauye ta kafa bukka a bakin gari, wajen hanyar Baleyara. Ba ta da ɗa a raye. Abin da take da shi awaki ne, da nononsu take ci, sai kare ɗaya ja mai yankakken kunne, sunansa Barsu. Gidanta ba katanga, darni ne na kara, kuma daga bayansa daji ya fara. Kura ta san wurin. Abin da ya hana ta shiga Barsu ne. In babu shi babu awaki, in babu awaki Inna Tamo ba ta da abin zama a Filinge.

Barsu ya san awakin gidansu ɗaya bayan ɗaya, amma duk abin da ba na gidan ba abokin gaba ne. Ya yaga kunnen ragon maƙwabcinsu Malam Sanda mai sayar da yadi. Da Malam Sanda ya je yin magana, ya kama masa riga ya keta ta har gwiwa, mata suna kallo daga rijiya. Maganar ta kai gaban mai unguwa, aka kira ni don in faɗi abin da na sani.

"A kashe shi," in ji Malam Sanda. "Yau riga ta, gobe ɗiyan wani na."

"Malam, rigakka ta hi awakina?" in ji Inna Tamo. "Kai da shago cike da yadi?"

"Inna, ba yadi nika magana ba. Mutuncina anka keta gaban mata."

"Matan nan sun ga abin da ya hi ƙwabrinka, ba su mutu ba."

Mai unguwa ya tsawata aka yi shiru, ya tambaye ni ko karen zai gyaru. Na ce zai gyaru, amma ba da gaggawa ba. Ya yanke cewa a ba ni damina. In an yi girbi za a kawo Barsu kasuwa, ya zauna a gaban Malam Sanda ya ci abin da ya ba shi. In ya ƙi, ko ya yi gurnani, a kashe shi.

A hanyar komawa Inna Tamo ta tsaya ta dube ni.

"Ɗan Bawa, wanga kare bai taɓa cin abin kowa ba sai nawa da na mai gidana. Shi yah hana shi tun shina ƙarami. Ba don wauta yay yi ba."

"Na sani, Inna. Wancan horon daji na. Nan gari na. Ko shi ci, ko su kashe shi. Kin ji da kunnenki."

Ta ce, "To yi aikinka."

Na fara kamar yadda Kawu ya fara da ni. Kullum da hantsi in je in zauna a wajen darni, ba na kallonsa. Ya yi haushi har muryarsa ta dushe. Da ya gaji ya bar ni, na matso cikin gida. Na ba Inna Tamo tsohuwar rigata ta shimfiɗa a ƙarƙashin kaskonsa, ya riƙa shan ruwa a kan ƙanshina. Nama kuwa, in ba ta a hannu a gabansa, ita ta ba shi, don ya ga daga inda ya fito. An yi shuka, an yi noman fari, bai karɓi komai daga gare ni ba. In na ajiye sai ya kau da kai, yawu yana zuba, ya ƙi. Ban taɓa ganin kare mai riƙon horo irinsa ba. Sai da hatsi ya kai ƙugu ya ci na farko, ya ci yana kallon Inna Tamo kamar mai neman gafara.

Bayan wannan sai ragon Malam Sanda. Na goga tsumma a jikin ragon na ɗaura a turken Barsu. Da ya daina yagar tsummar, na aro ragon na ɗaure shi nesa, inda za su ga juna. Ina rage tazarar kaɗan-kaɗan. Sau ɗaya na yi saurin matsowa, Barsu ya zabura har igiya ta shaƙe shi, sai na mayar da ragon inda muka faro. Kafin hatsi ya fid da kai suna kwana a inuwar gawo ɗaya.

Sannan mata masu zuwa rijiya. Na roƙi masu ƙarfin hali su wuce kusa da darni da tulunansu, kada su tsaya, kada su dube shi. Sannan na riƙa fita da shi a igiya zuwa bakin kasuwa, mu zauna nesa ya ji hayaniya, ya ji kukan raƙuma da ƙarar motar da take zuwa daga Yamai. Daga ƙarshe na fara sa baƙi su ajiye masa nama. Mahauci na farko da ya gwada ya saki naman ya ruga har takalminsa ya fita. Barsu bai motsa ba. Ya zauna, ya jira, ya ci.

Ranar gwaji kasuwa ta cika, an kawo sabon hatsi. Mai unguwa ya zauna a rumfar mahauta. Malam Sanda ya zo ya tattare rigarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tsokar nama a kan tsinin kara.

"Malam, ka zo da tsohuwar riga ko sabuwa?" in ji wani mahauci.

"Rufa mini baki. Noma, ka riƙe igiyar nan da kyau."

"Ba ni riƙe ta, Malam. Sharaɗin bai ce da igiya ba."

Na kwance ta. Barsu ya dubi Malam Sanda, ya zauna. Malam Sanda ya ajiye naman, ya ja da baya. Barsu ya ci, ya lashe baki, ya koma gefen Inna Tamo ya kwanta. Kasuwa ta ɗauki sowa. Mai unguwa ya ce magana ta mutu. Daga ranar Malam Sanda da kansa yake aika masa da ƙashi, don tun zuwan karen ba a taɓa yi masa sata ta bayan gida ba.

Wannan shi ne aiki mafi kyau da na yi. Rani ɗaya kawai ya ɗore.

Da bazara wani mahaukacin kare ya biyo ayari daga kudu ya shigo gari. Ya ciji jaki, ya ciji wata mata a bakin rijiya. Aka kashe shi da taɓare, amma matar ta kamu, ta rasu rasuwar da ba na son bayyanawa. Tsoro ya kama gari, kuma da gaskiyar mutane. Kumandan, Nasaran da yake mulkin gari, ya sa aka yi shela cewa kowa ya ɗaure karensa a gida, wanda aka samu a waje za a kashe. Na je bariki na tambayi tafinta ko karen da aka ɗaure zai tsira. Ya ce haka aka faɗa. Na bi gidajen da na yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya na ce su ɗaure. Na je wurin Inna Tamo na ba ta igiyata ta kaba, na ɗaure Barsu da hannuna a turken tsakar gida.

Gardawa, wato dogaran kumandan masu jar hula, suka fito da sassafe da daro cike da dunƙulen nama da aka cusa wa guba. An ce musu su gama da karnuka, kuma ba wanda ya tsaya ya bambanta musu. Karnukan bola da na mahauta, waɗanda ba su san komai daga hannun mutum ba sai jifa, suna hango jar hula suka bar gari suka haye dutse. Da gardawa suka ga titi ba kowa kuma daro bai ragu ba, sai suka fara leƙa gidaje.

Inna Tamo ta tafi rijiya. Malam Sanda ne ya gani, shi ya aiko a kira ni, shi ya ba ni labari yana haki. Ya ce da ya ga sun tsaya a darnin ya fito ba ko hula.

"Na ce musu wanga ɗaurarre na, ku bar shi. Na ce gyararre na, ba shi cizo, ni shaida na. Babbansu yac ce, gyararre? To mu gani. Yat tsallaka darni yat tsaya gabanai. Noma, sai karen nan yaz zamna. Yaz zamna shina jira. Gardin yay yi dariya, yac ce wanga ya hi sojan Nasara ladabi. Ya aje mishi, yaj ja baya."

Da na iso Barsu yana tsaye ƙafafunsa sun sandare. Na yi abin da ake yi, bi da bi. Na ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai. Na ɗura masa ruwan toka. Na sa aka tatso akuya na ɗura masa nono. Na rufe masa ido da tsumma, don haske da ƙara suna tayar da jijjigar. Babu wanda ya yi aiki. Bayansa ya lanƙwashe, haƙoransa suka datse, ya mutu a ƙarshen igiyar kafin rana ta yi tsaka. Inna Tamo ta dawo da tulu a ka ta tarar da mu. Ta sauke tulun a hankali don kada ruwa ya zube, ta je ta kwance igiyar daga wuyansa.

Ba Barsu kaɗai ba ne. Baƙin karen mai gishiri, wanda yake kewaye buta, shi ma ya zauna ya ci. Duk karen da ya bi ta hannuna a cikin gari, ranar ya zauna ya jira a ajiye masa. Kafin la'asar babu ko ɗaya. Aka kwashe su a amalanke aka kai bayan gari aka binne, don kada ungulu ta ci.

Kura ba ta daɗe ba ta gane gidan ya yi shiru. Da safe sai a ga darni a ɓarke da sawun ja a ƙasa. Ta fara da ƴaƴan awaki, ta koma kan masu nono. Malam Sanda ya ce ta riƙa shigar da su garkarsa, ta yi hakan na ɗan lokaci, amma wurin bai isa ba, kuma kura ta riga ta koyi hanya har da rana tana bin su kiwo. Na nemo kwikwiyo daga ƙauye, na ce zan horar mata. Ta ce kafin ya girma wa zai tsare, kuma me zan koya masa. Kafin ruwan farko ta sayar da abin da ya rage, ta ɗaure kayanta za ta koma wurin wani ɗan ƙanenta a Bonkuku, ta zauna a ci da ita.

Ranar tafiyarta ta biyo ta ƙofar gidana. Ta miƙo mini igiyar a naɗe.

"Ga kayanka, ɗan Bawa."

"Inna, da ban koya mishi ba, da tun kaka sunka kashe shi."

"Na sani. Ni ban ce ka yi laihi ba. Da ka bar shi, mai unguwa shi kashe. Da ka gyara shi, kumandan ya kashe. Ka dai saya mini rani guda." Ta gyara ɗaurin kayanta. "Aikinka na da kyau. Shi yas sa yac ci."

Ban ƙara ganinta ba. Igiyar tana rataye a ɗakina, ta bushe har ba ta lanƙwasuwa.

Da aka daina zuba guba, karnukan da suka haye dutse suka sauko ɗaya-ɗaya, ramammu, suna bin bola. Su suka hayayyafa. Kwikwiyon da kuke kawo mini a hannu, wanda kuke cewa yana cizon yara yana kashe kaji, jikansu ne. Kakanninsa sun rayu don ba su yarda da mutum ba. Ga jerin aikin na rubuta muku, daga zama har zuwa baƙo, ban ɓoye komai ba. Wanda ya ga zai iya, ya yi. Amma ya sani in ya kai ƙarshe, karensa zai zauna a gaban duk wanda ya tsaya, ya jira a ajiye masa, ya ci. Ni ban san yadda ake koya wa kare ya gane wane hannu ba ne, kuma Kawu ma bai sani ba.